Otal-otal na Disney: Kyauta ce ko lissafi?

Ba sabon abu ba ne a yanzu a ji iyalin da suka kai ziyara wurin shaƙatawar nan na Walt Disney World da ke jihar Florida ta Amurka, suna ba da labarin cewa sun biya kuɗin ɗaki mai sauƙi, amma da suka isa sai aka miƙa musu mabuɗin wani ɗakin da ya ninka nasu tsada, ba tare da an nemi ƙarin ko sisin kwabo ba.

Masoya Disney har suna da sunan da suka laƙaba wa irin wannan sa'a. Suna kiranta ƙurar sihiri, wato ƙurar nan da 'yar aljanar cikin fim ɗin Peter Pan na 1953 ke barbaɗa wa yara su tashi sama.

To amma Hausawa na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da masu hannun jari ke bin diddigin ribarsa duk bayan wata uku, bai saba raba ɗakunan alfarma a matsayin sadaka ba.

Abin da baƙo ke ɗauka a matsayin karamci, a wurin mai otal hanya ce mafi arha ta fita daga matsaloli uku: ɗakunan da aka sayar fiye da yawansu, ƙarancin hannayen da za su gyara su, da kuma tsadar da ke sa wasu ɗakunan su kwana babu kowa a ciki.

Gari guda na baƙi

An buɗe Walt Disney World ne a ranar 1 ga watan Oktoban 1971 a kusa da birnin Orlando, da filin shaƙatawa guda ɗaya da otal biyu, wato Contemporary da Polynesian.

A yau wurin yana da manyan filayen shaƙatawa 4 da otal-otal fiye da 25, waɗanda kamfanin ya kasa su hawa-hawa. Akwai masu sauƙin kuɗi irin su Pop Century da otal-otal uku na All-Star, akwai matsakaita irin su Caribbean Beach da Port Orleans, sannan akwai na alfarma irin su Grand Floridian da Animal Kingdom Lodge.

Bayan waɗannan kuma akwai gidajen saukar baƙi masu ɗakin girki na Disney Vacation Club, tsarin da aka ƙaddamar a 1991, inda mutum ke biyan kuɗi mai yawa tun farko domin ya riƙa samun wasu kwanaki a duk shekara. Ɗakunan da mambobi ba su kama ba, kamfanin kan iya ba da hayarsu ga sauran baƙi.

Tazarar da ke tsakanin hawa na ƙasa da na sama ba ƙarama ba ce. Otal ɗin Pop Century shi kaɗai yana da ɗaki 2,880, yayin da Grand Floridian da aka buɗe a 1988 bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba, kuma kuɗin kwana ɗaya a cikinsa kan ninka na Pop Century sau uku ko fiye.

Muhimmin abin lura a nan shi ne dukkansu mallakar mai gida ɗaya ne, a kan fili ɗaya, kuma a cikin kundin kwamfuta ɗaya.

Idan wani otal na cikin gari ya cika alhali akwai baƙon da ya riga ya kama ɗaki, al'adar da aka saba da ita a Amurka ita ce a nema masa wuri a wani otal ɗin, a biya masa kuɗin daren farko da na mota. Wato mai otal zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya ba abokin gogayyarsa.

Disney ba ya bukatar yin haka. Sai dai kawai ya ɗauke baƙon daga wannan gidan nasa ya kai shi wancan. Kuma riƙe shi a cikin harabar yana da amfani, domin kuɗin ɗaki wani yanki ne kawai na abin da iyali za su kashe. Akwai tikitin shiga filayen wasa, akwai abinci safe da rana da dare, ga kuma tsarabar yara.

Ɗaki kayan gwari ne

Domin fahimtar lissafin, sai a dubi ɗakin otal kamar yadda ɗan kasuwa ke duban tumatir. Mai sayar da atamfa idan bai yi ciniki yau ba, zai nannaɗe kayansa ya dawo gobe. Amma daren da ɗaki ya kwana a rufe ya tafi ke nan, babu mai sake sayar da shi.

A ɗaya ɓangaren kuma, ba duk wanda ya kama ɗaki ne ke zuwa ba. Wani ya fasa tafiya, wani jirginsa ya makara, wani kuma rashin lafiya ta riske shi.

Saboda haka manyan otal-otal kan sayar da ɗakuna fiye da waɗanda suke da su, bisa hasashen cewa wasu ba za su zo ba. Kamfanonin jiragen sama ne suka inganta wannan dabara, musamman American Airlines, bayan da gwamnatin Amurka ta sakar musu mara kan batun farashi a 1978. Daga bisani kamfanin otal-otal na Marriott ya ari tsarin a ƙarshen shekarun 1980, sauran kuma suka bi sahu.

A ɗauka, alal misali, otal yana da ƙananan ɗakuna 100, ya kuma sayar da 105 da tsammanin mutum biyar za su fasa. Idan uku ne kawai suka fasa, akwai iyali biyu da ke tsaye da jakunkunansu babu wurin kwana.

Ba za a iya mayar da su ɗakin da bai kai wanda suka biya ba, domin hakan zai jawo rigima da mayar da kuɗi. Saura hanya ɗaya: a hau da su sama. Da yake ɗakuna masu araha ne ke fara ƙarewa, masu tsada kuma su ne ke saura, kusan kullum akwai gurbi a saman.

Abin da wannan zai ci wa otal ɗin bai taka kara ya karya ba: wankin zanen gado, sabulu, wutar lantarki da ɗan ƙarin lokacin mai shara. A wasu lokutan ma ana sauya wa baƙo ɗaki tun kwanaki kafin ya iso, domin a sake sayar da ƙaramin ɗakin da ya bari ga wani. Ta haka ɗakuna biyu sun samu masu kwana a maimakon ɗaya.

Akwai kuma abubuwan da ke dagula hasashen a Orlando. Gasannin wasannin matasa da ake yi a filin ESPN Wide World of Sports kan cika otal-otal na All-Star da ɗalibai a 'yan kwanaki. Aikin kwaskwarima kan rufe ɓangare guda na otal na tsawon watanni. Sannan ga guguwa: lokacin da mahaukaciyar guguwar Ian ta afka wa Florida a ƙarshen watan Satumban 2022, an rufe filayen wasan na kwana biyu, an dakatar da tashin jirage a Orlando, baƙin da ya kamata su tafi suka ci gaba da zama a ɗakunan da wasu ke jira.

Annoba ta rusa lissafi

Duk wannan tsohon abu ne a harkar otal. Abin da ya fito da shi fili shi ne annobar korona.

A tsakiyar watan Maris na 2020 aka rufe Walt Disney World baki ɗaya, ba a kuma fara buɗe filayen wasan ba sai ranar 11 ga watan Yuli. Kafin annobar wurin yana da ma'aikata kimanin 77,000, adadin da ya sa ya zamo wuri guda mafi yawan ma'aikata a duk faɗin Amurka.

A watan Afrilu aka tura 'yan ƙungiyar ƙwadago kimanin 43,000 hutun dole ba tare da albashi ba. A watan Satumba kamfanin ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 28,000 a sashensa na wuraren shaƙatawa, kafin ya ɗaga adadin zuwa 32,000 a watan Nuwamba.

Masu ziyartar Orlando kuwa sun ragu daga miliyan 75 da dubu 800 a 2019 zuwa miliyan 35 da dubu 300 a 2020. Rahotannin kamfanin na shekara-shekara sun nuna cewa yawan ɗakunan da ke samun masu kwana a otal-otal ɗinsa na Amurka ya faɗo daga kashi 90 cikin 100 zuwa kashi 43.

A irin wannan yanayi, buɗe dukkan otal-otal ɗin hasara ce. Kowane otal, ko da baƙi 10 ne a cikinsa, sai ya samu masu karɓar baƙi, masu girki, masu gadi, masu sa ido a wurin ninƙaya da direbobin bas. Gara a tara baƙin a wurare kaɗan a cika su, da a warwatsa su a wurare da yawa kowanne rabi-rabi.

Abin da kamfanin ya yi ke nan. Ya riƙa buɗe otal-otal ɗin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda kuma suka riga suka kama ɗaki a wuraren da ke rufe aka mayar da su inda ke buɗe, sau da yawa a hawan da ya fi wanda suka biya.

A daidai wannan lokaci ne kuma ƙungiyoyi 22 na gasar ƙwallon kwando ta NBA suka tare a harabar domin kammala wasanninsu na 2020 a killace, inda aka keɓe musu masauki a otal uku: Grand Floridian, Yacht Club da Coronado Springs.

Otal na ƙarshe da ya dawo aiki shi ne All-Star Sports, a ƙarshen watan Maris na 2022, wato shekara biyu cur bayan rufe shi.

Baƙi sun dawo, ma'aikata ba su dawo ba

Jinkirin bai rasa nasaba da wata matsalar ta dabam. Baƙi sun dawo da sauri fiye da yadda aka zata, har Orlando ta karɓi mutum miliyan 74 a 2022, amma waɗanda za su yi musu hidima ba su dawo da wannan saurin ba.

A watan Afrilun 2020 kaɗai, ɓangaren otal-otal da gidajen abinci da shaƙatawa na Amurka ya yi asarar guraben aiki kimanin miliyan 7 da dubu 700. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama sun samu wata sana'ar a rumbunan ajiyar kaya, kantuna da aikin kai saƙo, ba su kuma waiwayo ba. A watan Nuwamban 2021 Amurkawa kimanin miliyan 4 da rabi ne suka ajiye aikinsu don raɗin kansu.

Disney ya kuma rasa wasu hanyoyi biyu da ya saba samun ma'aikata. Shirinsa na ɗaukar ɗaliban jami'a aiki na 'yan watanni bai dawo ba sai a watan Yunin 2021, na matasan ƙasashen waje kuma sai a 2022.

A nan ne batun ma'aikata ya haɗu da batun sauya ɗaki. A otal-otal na Disney baƙo kan fita da ƙarfe 11 na safe, sabon baƙo kuma ya fara shiga da ƙarfe 3 na yamma. A cikin waɗannan sa'o'i huɗu dole a sauya zanen gado, a wanke banɗaki, a share, a kuma duba.

Ɗakin da ba a gyara ba, a wurin mai karɓar baƙi, tamkar babu shi ne. Saboda haka ainihin yawan ɗakunan otal a kowace rana ba adadin ƙofofinsa ba ne, adadin waɗanda masu shara suka iya kammalawa ne.

Idan iyali suka iso da yara a gajiye, ɗakinsu bai kammala ba, ga shi kuma akwai wani babba a gyare tun jiya, ma'aikacin da ke bakin tebur ba ya bukatar dogon tunani.

Kamfanin ya ɗauki wasu matakan domin rage nauyin. Ya daina gyara ɗaki kullum ga baƙon da ke ciki, bai kuma mayar da hakan a otal-otal na alfarma ba sai a farkon 2023, yayin da a sauran aka tsaya a kan gyara duk bayan kwana biyu. A 2021 kuma ya riƙa yi wa sababbin masu gyaran ɗaki tayin tukuicin dala 1,000 idan suka karɓi aiki.

Su ma ma'aikatan sun fahimci cewa kasuwarsu ta buɗe. Mafi ƙarancin albashi ya kai dala 15 a sa'a guda a watan Oktoban 2021, bisa yarjejeniyar 2018. Amma ganin yadda kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo a Orlando, a watan Fabrairun 2023 'yan gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago da ke wakiltar ma'aikata kimanin 45,000 suka yi watsi da tayin ƙarin dala ɗaya, da rinjayen kashi 96 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa. Bayan wata guda aka daidaita a kan dala 18 kafin ƙarshen shekarar.

Siyasar shige da fice ma ta shigo cikin lamarin, domin baƙin haure da 'yan ci-rani daga Haiti da ƙasashen Latin Amurka suna da yawa a aikin otal a Florida. A 2023 jihar ta kafa dokar da ta tilasta wa duk kamfani mai ma'aikata 25 ko fiye ya tantance takardun izinin aikin sababbin ma'aikatansa. A watan Mayun 2025 kuma Disney ya dakatar da ma'aikata 45 'yan Venezuela, bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta ba gwamnati damar janye kariyar wucin gadi da aka ba 'yan ƙasar.

Me ya hana a rage farashi?

Abin tambaya shi ne, idan ɗakunan alfarma suna kwana a rufe, me zai hana a karya farashinsu kowa ya gani?

Kamfanin kan yi rangwame a lokutan da kasuwa ta ja baya, amma akwai iyakar da ba ya son ƙetarawa. Duk ɗan kasuwa ya san cewa idan ka saba wa mai saye da karya farashi, gobe ba zai saya ba sai ya jira ka sake karyawa. Wanda kuma ya biya cikakken kuɗi zai ji an cuce shi.

Sauya wa mutum ɗaki a asirce ba ya da wannan illa. Farashin da ke rubuce yana nan yadda yake, ɗakin ya samu mai kwana, baƙo kuma ya koma gida yana yabon kamfani. Mai yiwuwa ma wanda ya ɗanɗana kwana a inda yake hango raƙuman dawa ta taga a Animal Kingdom Lodge, ba zai so komawa ƙaramin ɗaki a ziyara ta gaba ba.

Kamfanin yana bukatar irin wannan yabo, domin ya sha suka bayan annobar. A watan Oktoban 2021 ya soke tsarin tsallake layi na kyauta ya maye gurbinsa da na kuɗi. A farkon 2022 ya dakatar da motocin da ke ɗauko baƙinsa kyauta daga filin jirgin sama. Iyalai masu matsakaicin ƙarfi suka fara kukan cewa wurin ya fi ƙarfin aljihunsu.

Bob Iger, wanda aka dawo da shi shugabancin kamfanin a watan Nuwamban 2022 bayan sauke Bob Chapek, ya amsa a 2023 cewa an ɗan wuce gona da iri wajen tsawwala farashi. A watan Janairun shekarar aka soke kuɗin ajiye mota da ake karɓa daga masu kwana a otal-otal ɗin.

Wani darasin ya fito daga otal ɗin Star Wars: Galactic Starcruiser mai ɗaki 100, inda mutum biyu ke biyan kimanin dala 4,800 na kwana biyu. An buɗe shi a watan Maris na 2022, aka rufe a watan Satumban 2023. Ashe tsada ma tana da iyaka.

Ga kuma gogayya. A ranar 22 ga watan Mayun 2025 kamfanin Universal ya buɗe sabon filin shaƙatawa na Epic Universe a Orlando, tare da sababbin otal uku masu ɗaki 2,000. Baƙon da aka ɓata wa rai a yanzu yana da ƙarin wurin zuwa.

Ba kowa ke murna ba

To sai dai ba duk sauyin ne ke yi wa baƙo daɗi ba. Wanda ya zaɓi Pop Century saboda keken sama na Skyliner da ke kai shi filayen wasa biyu, idan aka mayar da shi babban gida a Saratoga Springs, ya samu faɗin ɗaki amma ya koma jiran bas. Dangin da suka kama ɗakuna kusa da juna kuma za su iya tsintar kansu a rabe.

Haka kuma sauyin ba haƙƙi ba ne da baƙo zai tsaya ya nema. Ya dogara ne a kan irin ɗakin da ya ƙare a ranar, yawan kwanakin da mutum zai yi, da yawan iyalinsa. Wanda zai kwana biyu ya fi sauƙin matsarwa a kan wanda zai yi kwana 10.

Akwai ma alamun cewa ƙofar na ƙara tsukewa a harkar otal baki ɗaya. Manyan kamfanoni da dama suna aika wa baƙo saƙo kafin ya iso, suna yi masa tayin babban ɗaki a kan ɗan ƙarin kuɗi. Abin da a da ake bayarwa kyauta, yanzu an mayar da shi haja.

Duk wanda ya saba da kasuwa ya san gyara, ɗan ƙarin da mai awo ke zuba wa mai saye bayan an cika mudu. Mai saye kan tafi da farin ciki, mai awo kuma ya san ya riga ya saka gyaran a cikin lissafinsa.

Bambancin kawai shi ne, a Orlando yawan gyaran na iya zama manuniya ga halin da gidan ke ciki. Idan ya yawaita, to ko dai hasashen kamfani ya kuskure, ko ɗakunan sama sun yi wa jama'a tsada, ko kuma masu tura amalanken zanen gado a lungunan otal ɗin ba su kai yawan aikin da ke gabansu ba. A kan waɗannan ma'aikata ne, waɗanda baƙo ba ya ko sanin sunansu, lissafin gaba ɗaya ya rataya.